Maman da ke Cikin Kwamfuta

Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma kin fara sabawa da wurin. Yaya aiki, yaya masu jiki? Mu nan ƙalau muke. Antinki, uwargidana, ta yi mura ta warke. Ni dai bayan nan ne ke damuna idan na daɗe a mota, amma da sauƙi. 'Yarki Mitsila tana ci tana sha, har ta ƙara nauyi, kafaɗata ce shaida.

Kin ce mu riƙa magana a waya, amma kin san halina. Da na riƙe waya duk abin da na tsara sai ya watse, in ƙare da "to, sai an jima". Ke ma kin ce babu sabis a asibitin madatsar ruwan sai kin shiga garin da ke kusa da ku. Tunda direban da ke kai muku magani ya yarda ya riƙa karɓar takarda, bari in yi abin da na iya.

Maganar kwamfutar da kika bari ce. Na daɗe ina kallonta a kan tebur ban buɗe ba. Tun ina saurayi nake koya wa mutane tuƙi. Na koya wa tsofaffi, na koya wa mai rufe ido idan babbar mota ta taho, amma ban taɓa samun ɗaliba 'yar shekara uku ba. Na yi ta tambayar kaina ko bai yi wuri ba. Akwai wani likitan ido cikin ɗalibaina, na tambaye shi muna cikin koyon ribas, ya ce kada ta daɗe a gabanta, kuma kada a bar ta ita kaɗai. A kan haka na tsara abin.

Da yamma idan na dawo sai mu wanke hannu, in ɗora mata matashi biyu a kujerar falo, in zauna a damanta kamar yadda nake zama a mota. Linzamin kwamfutar ya fi ƙarfin tafin hannunta, sai na ajiye shi gefe, muka tsaya a kan madannai. A wurin aiki ba na barin ɗalibi ya taɓa totur sai ƙafarsa ta san birki ko da ido a rufe, don wanda ya iya tsayawa ba ya firgita. Haka na yi mata. Na kunna bidiyon da kika ɗauka mata, na nuna mata dogon madannin nan na ƙasa, na ce wannan shi ne birki. Ta danna, kika tsaya cak baki buɗe. Auta, dariyar da ta yi har ta zamo daga kan matashi. Ta sake dannawa kika ci gaba. Bayan ta ƙware na nuna mata kibiyar hagu mai mayar da ke baya, na ce ita ce ribas.

Wurin da kike cewa "Mitsila, kin ci abinci?" ki yi shiru, da farko ni take kallo. Yanzu da kanta take amsawa, "Na ci." Idan kika ce "Yawwa, 'yar kirki," sai ta juyo ta dube ni tana hura hanci. Haka wurin wanke hannu, haka wurin kwanciya. Ta haddace ki tsaf.

Antinki ta ce saura in manna wa yarinya alamar ɗan koyo a baya. Ta ce su da ba a koya musu uwa a allo ba, ai ga su sun girma. Na yi dariya, amma na rubuta maganar a littafina na kullum, kuma ta tsaya mini. Ban sani ba ko daidai nake yi. Ke kika yi karatun lafiya, idan kin ga gyara ki faɗa mini.

Antinki na gaishe ki. Allah ya tsare.

Yayanki.

*

Ranar Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Anti, ina fatan bayan ya yi sauƙi. Ka daina zama a kan walat ɗin nan taka mai kama da bulo, na sha faɗa maka. Ni lafiya lau, sai sauro da ya ɗauke ni tamkar albashinsa.

Na karanta wasiƙarka a baranda ina dariya ni kaɗai, har wani mai karaya ya tambaya ko an yi mini albishir ne. Birki da ribas! Wallahi Anti ta yi gaskiya. Ina jin nan gaba kaɗan za ka yi mata gwaji ka ba ta lasin.

Asibitin namu ɗaki biyu ne da baranda. Ni ce nas, ni ce mai ba da magani, wani lokaci ni ce mai shara. Likita sai ranar Talata. Yawancin masu zuwa ma'aikatan madatsa ne, wannan ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, wancan siminti ya cinye masa hannu. Aikin ba ya ba ni tsoro. Abin da ke hana ni sukuni daban ne.

Matar da ke dafa wa ma'aikata abinci ta ba ni labari, ta ce da ta koma gida bayan ta daɗe, ɗanta ya ɓuya a bayan kakarsa yana leƙenta kamar mai karɓar haraji. Ta faɗa tana dariya. Ni kuwa ranar abinci bai shiga ba. Yaya, yarinyar nan ba ta san mahaifinta ba, Allah ya ɗauke shi tana goye. Idan ni ma ta manta da ni, me na zo nema a nan? Don haka na ɗauki bidiyon, a gurguje, da safen tafiyata, jaka na ƙofa. Ko kallonsa ban yi ba.

Tana tambayata kuwa? Ka faɗa mini gaskiya, kada ka gyara.

Na samu dabara. Duk Lahadin ƙarshen wata motar ma'aikata na shiga gari. Akwai shagon mai gyaran waya a saman bene, sabis ɗinsa mai ƙarfi ne, ya ce in riƙa zama a kan bencinsa. Da rana tsaka zan kira ta kwamfutar, ta bidiyo, ta gan ni ido da ido. Ka sa ta yi barci da wuri kada ta tashi da rigima. Kai kuma ba sai ka ce komai ba, na yafe maka.

Ka sumbace mini ita a goshi.

Auta.

*

Ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya jiya. Mu lafiya, sai dai zuciya. Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa na yaga. Kin ce kada in gyara, to ba zan gyara ba.

Kin ga abin da kika gani ta naki ɓangaren, amma ba ki ga hannunta ba, shi nake so in bayyana miki. Tun safe take murna. Anti ta yi mata kitso, ta sa rigar nan mai aljihu, ta hau matashinta tun kafin lokaci. Da kiran ya shigo kika bayyana, ta yi tsit. Kin zo da fararen kayan aiki, ba shuɗin gyalen da ta sani a bidiyon ba, bayanki kuma wayoyi ne rataye maimakon gadonku. Kika ce "Mitsilata, Mitsilata," kina kuka kina dariya. Ita kuwa jira take ki tambaye ta ko ta ci abinci. Na ga bakinta ya shirya amsar.

Da ba ki tambaya ba, sai ta miƙa yatsa ta danna birki. Ba ki tsaya ba. Ta sake dannawa. Ta danna ribas don ki koma farko, kika ci gaba da magana. Nan ta fara dukan madannin da tafin hannu, shi ne ƙarar da kika ji kika tambaya ko wani abu ya faɗi. Ta juyo ta ce mini, "Kawu, ta lalace." Na ce ba ta lalace ba, Mama ce, ki gaishe ta. Ta ce, "Ba Mama ba ce." Sauran kin gani, yadda ta zame ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa, kina ta kiran sunanta har kika ce bari ki tafi.

Ga abin da ba ki gani ba. Bayan kin kashe ta fito ta ja mini wando, ta ce in sa mata Mama ta gaske. Na rasa yadda zan yi, na kunna bidiyon. Ta gyara zama, ta ce "Na ci," kika ce yawwa, ta yi ajiyar zuciya kamar wadda ta dawo gida daga baƙunta. Gaskiyar magana ta fi sakin jiki da ta cikin bidiyon.

Laifina ne. Na yi ta juya abin a kaina. Ni na koya mata cewa ana tsayar da ke, ana mayar da ke baya, kuma kullum magana ɗaya za ki yi. Na ɗauka idan ta iya sarrafa abin ba za ta ji tsoronsa ba. Ban yi tunanin ranar da za ta danna ki ƙi tsayawa ba. Antinki ba ta ce "na faɗa maka" ba, ta dai ajiye mini shayi ta wuce, wannan kuwa ya fi zafi.

Ki gaya mini abin da zan yi.

Yayanki.

*

Yaya,

Na samu takardarka. Ka rufe kwamfutar ka ɗaga ta sama. Kada ka ƙara koya mata komai. Ba zai yiwu a ci gaba a haka ba, zan san abin da zan yi. Direba na jira.

Auta.

*

Ranar Juma'a

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Kowa a nan lafiya. Mitsila ta yi ɗan tari, mun ba ta ruwan ɗumi, ya wuce.

Takardarki ta iso. Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, na juya bayanta ko akwai ragowa. Tunda kika iya riƙe biro ba ki taɓa rubuto mini babu sallama ba, ba ki kuma taɓa mantawa da gaida Anti ba. Na gane ranki ya ɓaci, kuma kina da gaskiya.

Amma inda kika ce ba zai yiwu a ci gaba a haka ba, shi ya hana ni sakat. Idan nufinki ki ɗauke ta ki kai ta wurin dangin mahaifinta, 'yarki ce, ba ni da ta cewa. Ina dai roƙonki ki duba. A can ba ta san kowa ba. A nan ta san inda takalminta yake, ta san kofinta, ta san ƙarar motata tun daga kwanar layi. Ban gaya wa Antinki abin da nake zato ba, don kin san yadda ta ɗauki yarinyar nan. Idan ni ne matsalar, sai in janye, Anti ta riƙa kula da komai, ni in tsaya a kawo cefane.

Na yi yadda kika ce. Kwamfuta na saman kabad ɗin ɗakinmu, na lulluɓe ta da tawul. Ranar farko da yamma Mitsila ta wanke hannu da kanta, ta jawo matashinta ta hau kujera ta jira. Na ce Mama ta tafi hutawa. Ba ta yi kuka ba. Washegari ta gano inda na sa ta, ban san yadda aka yi ba. Na shigo na tarar da ita tsaye a gaban kabad, kai a ɗage, tana cewa "Na ci." Ta yi shiru daidai gwargwadon shirun da kike yi, sannan ta ce wa kanta, "Yawwa, 'yar kirki."

Anti ta ce wannan mugunta ce, da ni da ke duk ba mu da hankali. Na ce umarnin uwa ne.

A wurin aiki ma ba na kaina. Shekaranjiya na take wa wata ɗaliba birkin gefena a kan titi fetal, babu mota babu mutum. Ta ce, "Malam, me na yi?" Na ce ba ki yi komai ba, ci gaba.

Don Allah ki ba ni amsa, ko layi biyu ne, in dai da bayani.

Yayanki.

*

Ranar Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na je wurin direba neman amsa, ya nuna mini takardata ta baya tana nan a gaban motarsa, rana ta ci bayanta. Ya ce ruwa ya yanke hanyarku, ba shiga ba fita sai an gyara. Na tambaye shi ko asibitin na kan tudu, ya ce yana jin haka. "Yana jin haka" ɗin nan nake ta taunawa. Zan ba shi wannan ma ta kwanta a kan waccan, don in ban rubuta ba kaina zai fashe.

Kada hankalinki ya tashi, lafiyarta ƙalau, amma ta ji ciwo. Ƙofar banɗaki ce ta datse mata yatsa, manuniya ta hannun dama. Iska ce ta turo ƙofar, Anti na shanya, ni ina cire takalmi. Na ɗauke ta a guje zuwa kemis na bakin titi. Mai kemis ya duba ya ce ƙashi lafiya, farce ne wataƙila zai fita wani ya tsiro. Ya wanke ya ɗaure. Kafin mu iso gida ta tuge ɗaurin, sai na sake ɗaurewa da kaina, na ƙara bandeji don kada ta iya cirewa.

Tana ta kuka tana kiran Mama. Anti ta dube ni, ta jawo kujera ta hau, ta sauko da kwamfutar. Ban hana ta ba. Na saɓa miki, ki yi haƙuri.

Da fuskarki ta fito sai kukan ya tsaya. Kika ce, "Mitsila, kin ci abinci?" Ba ta ce na ci ba. Ta ɗaga yatsan ta ce, "Mama, ƙofa ta cije ni." Kika yi shirunki, kika yi murmushi, kika ce, "Yawwa, 'yar kirki."

Auta, da na san haka zai faru da na jefa kwamfutar a rijiya. Ta matso da yatsan har ya taɓa allon. Kika tambaye ta ko ta wanke hannu. Sai ta sa hannun hagu ta danna birki, kika tsaya, ta riƙe yatsan a gaban idonki ta jira. Ta daɗe tana jira, don ki samu ki duba da kyau. Ta yi ribas, ta sake faɗa miki, kika sake cewa yawwa. Daga nan ta sa hannu biyu ta rufe murfin a hankali, yadda na koya mata, ta sauka ta je ta kwanta a cinyar Anti.

Tun ranar ba ta ƙara wanke hannu ta hau kujera ba. Ba ta tsayawa a gaban kabad. Kalmar Mama ma ban ƙara ji a bakinta ba. Da ina tsoron ta riƙe ta bidiyo ta ƙi ta gaske. Yanzu ina tsoron ta saki duka biyun.

Lahadin nan ce ta ƙarshen wata. Ban san ko za ki samu hanya ba, ban ma san ko kina so ba. Ni dai zan yi caji, in buɗe, in zauna.

Yayanki.

*

Ranar Talata

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti gaisuwa biyu, ta yau da wadda na ci bashi. Lafiyata ƙalau, asibitin na kan tudu, ruwa bai taɓa mu ba. An buɗe hanya jiya, direba ya miƙo mini takardunka biyu a haɗe. Na karanta su a ɗakin magani na kulle ƙofa.

Yaya, kai wane irin mutum ne? Dangin mahaifinta? Ni zan ɗauke ta daga hannunka da na Anti? Abin da nake nufi aikin zan ajiye in dawo. Ranar na karanta inda ka ce ta fi sakin jiki da ta bidiyo, ga mutum a kan gado ana jiran in ɗinke masa ƙafa, ga direba na danna hon. Na rubuta abin da ya zo hannuna. Ba da kai nake fushi ba. Kishi nake da wata mata mai shuɗin gyale, kuma ni ce matar. Wa zan kai wa ƙara? Kai ka koya mata birki, amma ni na zauna na ce yawwa ga amsar da ban ji ba.

Bari in ba ka nawa ɓangaren na ranar Lahadi, don ka san ban san komai game da yatsan ba. Mota ba ta fita, sai na bi masu babur ta tsohuwar hanya, muka tsallake wani wuri da ƙafa, takalmi a hannu. Na riga na yanke shawara. Tunda waccan take so, zan zama waccan. Na ɗauko shuɗin gyalen, na roƙi mai gyaran waya ya bar ni in juya wa farin bango baya. Duk hanya ina maimaita maganganun, har mai babur ya amsa mini cewa ya ci abinci. Cajina kaɗan ne, shagon kuma babu wuta, shi ya sa ban tsaya gaishe ka ba.

Ka ɗauka, ka ce "ga ta", ka kauce. Na hango ta can bakin ƙofa a jikin zanin Anti. Na daidaita murya na ce, "Mitsila, kin ci abinci?" Na yi shiru yadda na yi a bidiyon. Ba ta amsa ba. Na ce yawwa, 'yar kirki, ina jin kaina kamar gawa mai magana. Sai na ga ta taho, fuska a ɗaure. Na ɗauka ta karɓe ni. Yanzu da na karanta takardarka na gane rufe ni ta zo yi.

Hannu kawai na ga ya taso ya cika allon, da wani dunƙulen bandeji kamar ƙwan fitila. Wallahi ban san lokacin da na manta da gyale da komai ba. Na ce, "Ke, tsaya! Me ya samu yatsanki? Wa ya yi miki wannan ɗaurin?"

Hannun ya tsaya. Na ga rabin fuskarta ta leƙo ta gefensa. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kawu, ta gani."

Ka ji sauran. Ta ce ƙofa ce ta cije ta, na ce wace ƙofa ce marar kunya, ta ce ta banɗaki. Na ce ta kawo in hura mata. Na hura wa wayata iska a gaban mutane, mai shago na kallona. Ta ce in sake. Ina cikin sakewa wayar ta mutu.

Yaya, me ya faru bayan nan? Shi nake so in sani, ko abinci ba na jin daɗinsa. Ta danna birki? Ta rufe? Ta ce ba ni ba ce? Maganar ajiye aiki na dakatar da ita sai na ji daga gare ka.

Ɗaurin nan kuma, don girman Allah ka kwance. Yatsa ne, ba tayar mota ba. Ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ka sa falasta guda ɗaya, ka bar shi ya sha iska. Bidiyon kuma ka goge shi.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kina lafiya. Mu ma lafiya. Na daina zama a kan walat, bayan ya yi sauƙi, ba na so in yarda amma haka ne. Na karanta wa Antinki inda na zaci za ki ɗauke yarinya, ta ce dama ta lura na yi kwanaki ina kallon takalmin Mitsila kamar mai zaman makoki, ta ɗauka ciwon bayan ne ya hau kai.

Ga abin da ya faru. Da wayarki ta mutu, fuskarki ta daskare a allon, baki a tsuke kina hurawa. Mitsila ta jira. Ta danna dogon madannin don ki ci gaba, sau ɗaya kawai, sannan allon ya yi duhu. Na ji ƙafata tana neman birki a ƙasan tebur. Na shirya in ce Mama ta tafi hutawa, sai na fasa. Na ce wayar Mama ce ta mutu, amma Mama tana can. Ta ce ina ne can. Na ce wurin aiki, mai nisa, tana ɗaure wa mutane yatsu. Ta dubi nata. Sai ta ce, "To ta zo."

Na ce za ta zo, amma ba yau ba.

Nan ta fashe da kuka. Tunda kika tafi ban ji ta yi irinsa ba, ko ranar ƙofa. Ta yi ta kiran Mama, ba kwamfutar take kallo ba, ƙofar gida take kallo. Na tashi zan lallashe ta, Anti ta riƙe mini hannu ta ce in bar ta, wannan kukan ya daɗe yana neman hanya. Ta yi har ta gaji ta yi barci a kan tabarmar falo. Ban san ko daidai ne mutum ya ji sanyi a ransa yaro na kuka ba, amma na ji.

Kada ki ajiye aikin. Wannan shawarata ce, ke kika san sauran.

Bidiyon ban goge ba. Na san kin ce in goge, na ɗora yatsa na kasa. Wani abokin aikina ya mayar mini da shi can wani lungu a cikin kwamfutar inda ba za ta gani ba. Na yi tunanin wata rana idan ta girma za ta so ta ga fuskarki ta safiyar nan. Idan kin dawo ki goge da hannunki. Ita dai ba ta nema ba.

Abin da take yi yanzu shi ne tara miki kaya. Kwamfutar na kan tebur a rufe, ita kuma duk abin da ta samu sai ta jera a gabanta, ta ce Mama za ta gani. Zuwa yau akwai takalmin da maɗaurinsa ya tsinke, da murfin kwalba, da wani mataccen ƙwaro mai sheƙi, da rabin biskit da tururuwa suka fara yi wa aiki, da tsohon lasin ɗina da ta zaro daga aljihu. Anti ta zo share tebur aka yi yaƙi. Kullum da safe sai ta tambaya ko yau ce Lahadi. Na fara koya mata ranakun mako, amma a hankali nake bi, kuma na fara tambayar Anti tukuna.

Saura maganar ɗauri. Na yi yadda kika ce, na wanke, na sa falasta ɗaya. Yatsan ya warke sarai, sabon farce har ya leƙo. Amma ta sa rigima sai da na mayar mata da dunƙulen a kai, don ta ce da shi kika gan ta. Na ce ai ya warke. Ta ce ba ni zan faɗa ba.

Don haka ranar Lahadin ƙarshen wata ki zo da kowane gyale kika ga dama, amma ki zo da cikakken caji. Layin kayan da ta jera yana da tsawo, kuma ta ce yatsa ne na ƙarshe, ke za ki ce a kwance.

Yayanki.